Waifar da Obrad Ya Ara

"Tsohon banza, yau ma giya kake zuba mata?" Smilka ta ɗaga murya daga bayan shinge.

Obrad, maƙwabcinta, yana kife a kan bonet ɗin motarsa, numfashi na fita da ƙyar. Ya riga ya kwance noti, amma hannun waifar share gilashi ya ƙi fita, tsatsa ta manne shi da ƙarfen da yake zaune a kai. Ya ɗiga masa rakiya, barasar da yake dafawa da kansa, sannan ya kurɓi rabonsa.

"Tana cin tsatsa, maƙwabciya. Ki ba ta lokaci."

"Hantarka ta ci, ba tsatsa ba! Masu hankali mai suke sawa."

Waifar ta mijinta Zhivko ce. Tun Zhivko na da rai Obrad ya are ta, ranar wani ruwan sama, wai zai dawo da ita da yamma. Zhivko ya mutu, shekaru suka shuɗe, yammar ba ta yi ba. Yanzu masu duba motoci sun hana motar Zhivko hawa titi da waifa ɗaya, ga shi an daina sayar da irinta. 'Yar Smilka ta iya tuƙi, likita kuma ya sa ranar cire wa Smilka yanar ido a birni. Da me za a kai ta, da jaki?

Washegari Smilka ta sami Obrad zaune a ƙasa, ya jingina da taya, sifana a cinyarsa. Sai da ta zage shi tas, shi da kakanninsa, sannan ta lura ƙuda na yawo a leɓensa bai kore shi ba.

"Ka ga halinka ko," ta ce a hankali. "Ko mutuwar ma sai da ka bar aiki rabi."

Nenad, ɗan Obrad, ya taso daga birnin Viyana da takalmi mai ƙyalli da hawayen aro. Ana dawowa daga maƙabarta, mutane na cin dafaffiyar alkama da zuma, Smilka ta tsaya a kansa.

"Kai, tashi ka ciro mini waifata."

"Haba Inna Smilka, ki ji tsoron Allah! Ba a taɓa kayan mamaci sai an yi arba'in. Ransa yana nan yana zagaya gidan."

"Au, yau ka san al'ada? Lokacin da ubanka ke tari kamar tsohon injin niƙa, ina al'adar take, a Viyana? Kayan mamaci! Ai wani mamacin ne mai ita, kuma ya riga ubanka. In ransa na zagaye, ya zo ya kama maka, shi ya ɗaura ta."

Limamin coci ya buɗe baki. Ta juya ta kalle shi da farin idonta, ya mayar da cokali bakinsa.

Nenad ya fita a fusace, maza suka bi shi, kowa da shawararsa, babu mai son ɓata baƙar rigarsa. Ya cusa ƙarfen cire taya a ƙarƙashin hannun waifar, ya danna da dukan ƙarfinsa. Waifar ta yi tsalle ta faɗa cikin laka. Gilashin gaba ya tsage daga ƙasa har sama.

Matan suka yi ta alamar gicciye. Smilka ta sunkuya, ta lalubo abarta, ta goge da gefen zaninta na makoki.

Ranar tafiya birni aka tashi da yayyafi. A bakin hanya 'yarta ta rage gudu, ta ce ga takardar rasuwar Obrad manne a jikin falwaya.

"Ja mu tafi, ni me nake gani?" in ji Smilka.

Amma ta juya kanta wajen. Waifa biyu suna ta kai da komo, ita kuwa ba ta ga komai ba sai wani farin tabo a jikin itace, ruwa na bin sa.