Kwalba Mai Jan Tambari

Kai ma ka ga hoton a jarida, ka ce madalla, ka juya shafi. Ma'aikata cikin fararen kaya har fuska, da wata tsohuwa a gefe riƙe da igiyar akuya. Ba ka tambayi abin da ya hana ta murmushi ba.

Gwaggo ce, mai awaki goma sha ɗaya a bayan ɗakinta. Ofishin kula da dabbobi ya zaɓi garkenta don atisaye: za a yi kamar annoba ta ɓarke, a ga ko ma'aikata a shirye suke. Aka ba ta haddar abin da za ta faɗa, wai awakinta na majina da zawo.

Ranar atisayen da safe ta tarar uwar garken ta ƙi dusa, hanci na zuba, ido ya kaɗa. Da motoci suka iso, Gwaggo ta manta da wata hadda. Ta riƙe hannun babban likita.

"Ɗana, ba wasan nake ba. Dubi bakinta."

Aka tafa mata. Wani ya ce wannan tsohuwa ta fi 'yan fim, a ba ta aiki kawai. Wata ƙaramar likita ce kaɗai ta durƙusa, ta buɗe bakin akuyar. Ta goga auduga a hancin, ta jefa a kwalba. Sai dai duk kwalaben ranar an riga an buga musu jan tambarin atisaye, kuma ƙa'idar ɗakin gwaji ita ce a zubar da mai jan tambari ba tare da an buɗe ba. Likitar ta nemi wata marar tambari, aka ce babu, kuma manyan baƙi na jiran jawabi. Ta rubuta "na gaske ne" da biro a murfin. Wanda ya karɓa bai duba murfi ba.

Kwana tara Gwaggo tana jiran sakamako, tana jan gawar awakinta zuwa rami. Da ta taka har ofis, mai gadi ya gane ta, ya washe baki.

"Gwaggo jarumarmu, an dawo karɓar kyauta ne?"

Awaki uku suka rage mata, na maƙwabta kuma sun fara tari.

Gobe ka je ofishin dabbobi mafi kusa da kai, ka ce a nuna maka kwalba marar tambari a cikin kayan atisayensu. Kada ka bar wurin sai ka gan ta da idonka.