Riƙon Salma

Zakiyya ta ajiye wa Inna, mahaifiyarta, ƙullin ƙosai a kan bencin asibiti, ta ce ta jira ta nan, ba za ta daɗe ba. Inna ta miƙe ƙafa ta ce ko ta daɗe ba komai, tun da sassafe suke naɗe cikin jirgin ruwa. Ciwon kai Zakiyya ta ce yana damunta, kuma a gungunsu, wato tsibirin da suke zaune, matar aure ba ta ƙetare ruwa zuwa Yelwa ta shiga asibiti ba 'yar rakiya. Shi ya sa tsohuwar ta biyo ta, tare da kwandunan bandar kifi da suka bari wajen dillaliya a kasuwa.

Kanta lafiya lau yake. Wata ma'aikaciyar rigakafi ce ta taɓa gaya wa matan gungu cewa akwai wani ɗaki a bayan ɗakin awo, inda mace za ta faɗi abin da aka yi mata tana yarinya, komai daɗewarsa, kuma maganar ba za ta fita ba. Mata suka yi dariya, wata ta ce wa ke da lokacin tuna ƙuruciya ga kifi na jiran wuta. Zakiyya ma ta taya su dariyar, sannan ta koma gida ta kasa cin tuwo.

Da don ita kaɗai ce, da ta ci gaba da haɗiyewa kamar yadda ta saba. Amma 'yarta Salma ta gama 'yan azuzuwan da makarantar gungu ke da su, an kuma yanke cewa bayan sallah za a kai ta riƙo gidan Kawu Ya'u, yayan Inna, ta ci gaba da karatu a Yelwa. Mijin Zakiyya har godiya ya aika. Inna ta riga ta sayi akwati. A gidan nan Zakiyya ta yi nata riƙon tana 'yar shekara tara, kuma abin da Kawu ya riƙa yi mata idan gida ya yi shiru ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ba Inna ba, ba mijinta ba. Yanzu ta yaya za ta ƙi karamcin babban mutum ba dalili? Abin da ta zo nema ke nan, wanda zai ji dalilin ya tsaya mata.

Ɗakin ƙarami ne, da labule mai kauri da kujeru biyu, fanka tana juyawa a sama. Matar da ke ciki, Malama Altine, ta taso ta rufe ƙofa da kanta, ta miƙo ruwan leda mai sanyi.

"Zamna, ɗiyata. Nan babu gaggawa. Abin da kinka hwaɗa cikin ɗakin ga, nan za shi tsaya."

Zakiyya ta zauna. Rabon da a ce mata babu gaggawa har ta manta.

An kai Malama Altine horo, an koya mata kada ta matsa wa mace da tambaya, ta kuwa riƙe da kyau. Sai dai ba wanda ya ce mata gaisuwa ma tambaya ce. Haifaffiyar Yelwa ce, kuma a Yelwa ba a barin baƙo zaune ba a nemo inda aka haɗa dangi da shi ba. Rashin yin haka wulaƙanci ne.

"Kamanninki kamar na sani," in ji ta, tana murmushi. "Ke ɗiyar gidan wa ta?"

Zakiyya ta faɗi sunan mahaifinta, marigayi.

"Allah shi jiƙanai. Inna hwa?"

"Dudu."

"Dudu ƙanwar Alhaji Ya'u mai injin casar shinkahwa?" Fuskarta ta washe. "Ashe ɗiyar gida ta! Ai kawunki shi ad shugaban dattawan da ka tsaya muna. Lokacin da anka taso ana cewa muna koya ma mata rashin kunya, shi ya tashi cikin masallaci ya kare mu. Wagga hwanka ma shi ya sayo ta. Duk ƙarshen wata shina zuwa shi ji yadda aiki ka tahiya. Ba mu ba su suna, kar ki damu."

Zakiyya ta ɗaga kai ta dubi fankar. Iskar na sauka a wuyanta, ta ji kamar ta cire fatar wurin ta yar. Ta ja mayafi ta rufe.

"To, mi ya kawo ki?"

"Ciwon kai."

Malama Altine ba wawiya ba ce, ta ga ƙofa ta rufe a fuskar Zakiyya. Sai dai ta ɗauka kunya ce irin ta matan ruwa. Ta matso da kujera, ta sassauta murya.

"Mata da yawa da ciwon kai suke hwarawa. Ki tahi ki yi tunani, ki dawo. Ke da ba baƙuwa ba."

Abin da ya fi ƙona wa Zakiyya rai shi ne matar tana da kirki. Da ta yi mata tsawa ko ta kalle ta a wulaƙance, da ta samu wanda za ta ji haushi. Ta yi godiya, ta ajiye ruwan ba ta fasa ba, ta fito.

Suka karɓi abin da dillaliya ta sayar, suka gangara bakin ruwa. Jirgin gungunsu bai cika ba tukuna, ana ta loda buhunan gishiri da jarkokin mai. Suka zauna a katakon tsakiya, kwandunan da babu komai a gabansu. Inna tana ta lissafa abin da ya rage a saya wa yarinya, takalmi da hijabi da ɗan bokitin wanka.

Zakiyya ta gane babu mai zuwa ya tsaya mata. Ta juya ta fuskanci Inna.

"Inna, Salma ba ta zuwa gidan Kawu."

Ta shirya wa faɗa. Ta shirya a ce mata butulu, a tambaye ta mene ne dalili, har ta fara neman ƙaryar da za ta yi. Inna ba ta tambaya ba. Ta kawar da kai wajen ruwa.

"Ai yanzu ya tsuhwa, Zakiyya," ta ce a hankali. "Ko salla zamne yake yin ta."

Zakiyya ta juyo ta dube ta. Ba ta ce Kawu ya yi wani abu ba. Ba ta taɓa cewa ba, ko sau ɗaya. Ta dubi hannuwan da suka yi mata kitso ranar da aka kai ta gidan, hannuwan da suka zaɓo wa Salma akwati.

"Tun yaushe, Inna?"

Mai jirgi ya ja igiyar inji, ƙara ta cika wurin. Inna ta sunkuya tana gyara kwandunan da ba su goce ba.

Zakiyya ta tashi, ta tsallake buhunan gishiri, ta je ta zauna can gaba cikin matan wani gungu da ba su san ko 'yar gidan wa ce ba.