Layin Sito

Wani ya manna guntuwar takarda a kan ƙaramar fitilar da ke ƙiftawa a jikin na'urar bakin ƙofa, wataƙila ta dame shi ne, amma koren hasken yana leƙowa ta gefe. Injiniyar ta lura da ita sa'ad da take wucewa da kular abincinta. Ba ta cire ba. Ta zauna a teburinta na lungu, inda sanyin ɗakin na'urori ya fi sauka, ta ja rigar sanyi ta rufe kafaɗa.

Aikin yau gajere ne. Kamfanin yana da rassa da yawa, kowane reshe da rautarsa, na'urar da ke zaɓar wa saƙonni hanya. Rautocin nan hira suke yi da juna ba dare ba rana, kowace tana gaya wa maƙwabciyarta wuraren da ta san hanyarsu. Aikin injiniyar shi ne sa baki a hirar: ta ƙara wa wata hanya nauyi don a guje ta, ta rage wa wata don a fi bin ta. Yau kuwa matata, wato umarnin da ke tace hanyoyi, aka ce ta sa a kan reshen sito, wanda za a rufe. Da ta sa, rautar sito za ta ci gaba da cewa ga ni nan, amma ba wadda za ta ƙara karɓar maganarta. Kwamfutar can za ta daina ganin kowa. Wayar teburin can ma za ta mutu.

An kuma ja mata kunne da safe: kada ma'aikatan sito su ji daga bakin kowa, sai ofishin kula da ma'aikata ya kira su.

Ma'aikatan sito mutum ɗaya ce, ban da masu dako: Anti. Sun saba ne tun ranar da layin sito ya ɗauke, injiniyar ta yi ta bincike har rana ta karkata, kafin Anti ta amsa cewa ita ce ta zare filogin rautar ta jona butar shayi. Washegari ta bugo ba da haƙuri, jibi ta bugo ba dalili. Tun daga nan, duk lokacin cin abinci wayar tebur sai ta yi ƙara. Injiniyar ta san ciwon gwiwar Anti, ta san surukinta mai aron mota ya dawo da ita ba mai, ta san kyanwar da ta haihu a bayan kwalaye. Ba ta san fuskarta ba. Lambar wayarta ta hannu ma ba ta da ita. Sau da yawa ta shirya tambaya, sai kunya ta riƙe mata harshe, don kada a ce ta cika shisshigi.

A ofishin nan kuwa, abokan aikinta maza sukan fita cin abinci tare. Sun gayyace ta a farkon zuwanta, ta ce ta gode, ba su sake ba.

Ta gama rubuta layukan matatar, ba ta danna ba. Ƙofa ta buɗe, babban injiniya ya shigo, wanda ake kira Malam Doka a bayan idonsa. A ƙa'idar sashen, ba a canza hanya sai mutum biyu suna zaune, ɗaya yana yi ɗaya yana kallo, kuma shi bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan ba. Ya jawo kujera, ya gyara tabarau.

"Mu gani."

Ta juya masa allon. Ya bi layukan da gindin biro, leɓɓansa suna motsi.

"Kin tabbata sito kaɗai wannan zai kama? Kada mu wayi gari mun toshe ofishin albashi, a cinye mu ɗanye."

"Sito kaɗai ne, ranka ya daɗe."

"To, bismillah."

Sai wayar tebur ta yi ƙara. Lambar sito ce a ɗan allonta. Injiniyar ta dube ta, ta dubi hannunta. Malam Doka ya ce, "Ɗauka mana, ko bashi ake bin ki?"

Ta ɗauka. Muryar Anti ba ta san a yi a hankali ba, duk ɗakin yana jin ta.

"'Yar gidana! Kin buɗe kular ko har yanzu kina kallon talabijin ɗin naki marar hoto?"

"Ina wuni, Anti. Ina ɗan aiki ne."

"Kullum aiki. Wannan sanyin ɗakin naku zai busar da ke kamar tsinke, mijin ma in ya zo sai ya sa tabarau kafin ya gan ki. Kin sha maganin murar?"

"Na sha."

"Ƙarya kike, ina jin hancinki daga nan." Ta yi dariya, dariyar ta gutsure a tsakiya. "Ke, bari in tambaye ki. Tun safe manyan motoci ke kwasar kaya. Har kantocin ƙarfe sun kwance. Na tambayi direban, ya ce shi dai an aiko shi. Na buga wa manaja, wai yana taro. Kyanwar nan ma ta kwashe 'ya'yanta ta bar wurin."

Injiniyar ta matse kan wayar da hannu biyu.

"Ke da kike zaune kusa da manya, ba ki ji komai ba? Kada ki ɓoye min, 'yar nan. Ni ba yarinya ba ce. In wani abu ne, gara in ji a bakinki da in ji a bakin wanda bai san sunana ba."

Fankokin na'urori suna ta huci. A kan allo, wani ɗan layi yana ƙiftawa a ƙarshen umarnin, yana jiran yatsa ɗaya. Injiniyar ba ta iya ɗaga kai ta dubi mutumin da ke gefenta ba. Takalminsa kawai take gani, baƙi, an goge shi har yana sheƙi.

"Kina ji na kuwa? Ko layin ne?"

"Ina jin ki, Anti." Muryarta ta fito siririya. "Akwai kujera kusa da ke?"

"Sun bar min guda ɗaya."

"Ki zauna. Kuma ki nemo biro, zan ba ki lambata tukuna."

Takalmin ya motsa. Malam Doka ya cire tabaransa, ya ninke, ya sa a aljihun gaba. Ya ɗan tura allon gefe, nesa da gwiwar hannunta, ya miƙe ya mayar da kujerar inda ya ɗauko ta. Bai dube ta ba. Ya fita, ya jawo ƙofar a hankali har ta kama.