Motar da Ta Zo da Gishirinta

Wani dare a tsakiyar damina na ji wani ƙara da ban taɓa jin irinsa ba. Kamar ana goga dutse a bayan tukunya, ƙarr, ƙarr, a tsaya, a sake. Na kwanta ina sauraro ina raya abubuwa iri-iri har barci ya sace ni, don ni tun ina yaro in na ji abin da ban gane ba, daɗi yake ba ni.

Da gari ya waye na bi inda ƙaran ya fito. Sai ga awakina sun tsinke igiya, sun durƙusa a ƙarƙashin motar maƙwabciyata Mama Lusajo, suna lasar cikinta kamar 'ya'yan da suka samu nono.

Motar fara ce mai dogon baya, irin waɗanda ake kawowa daga Japan an riga an hau. Bayan rasuwar mijinta, Mama Lusajo ta sayar da shanunta na madara ta saye ta a wani filin motoci a Mbeya, don ta riƙa kai ayaba daga nan Tukuyu zuwa kasuwannin birni. An ba ta garantin 'yan watanni, motar kuwa ta yi lafiya lau har garantin ya ƙare. Daga nan bututun hayaƙi ya faɗo a hanyar Kiwira, aka ɗaure da waya. Sai ƙafar baya ta fara karkacewa. Makanike ya leƙa ya ce ƙarfen da ke riƙe da ita ya ruɓe, ba inda zai kama ya yi walda. Ta buga wa mai filin waya, wani Bwana Ngonyani, ya ce garanti ya wuce, kuma lakar hanyarmu da lodin ayaba ne suka kashe mota. Tun ranar take ajiye a jikin shingena. Ayaba tana nuna a gona, dillalai suna saye a wulaƙance, ga shi babu shanu babu mota.

Ta fito da tsintsiya a hannu ta same ni ina kallo.

"Mzee Anyosisye! Har awakinka sun raina ni? Mota ta mutu, su kuma sun zo cin gawa?"

"Yi haƙuri, Mama Lusajo, bari in ga me suke sha."

Na kore su, na kwanta rigingine a jiƙaƙƙiyar ciyawa na ja jiki na shiga. Ƙarƙashin motar baƙi ne sumul, amma inda harshen awaki ya bi, baƙin ya tashi, ja ya fito, tsatsa ɓawo a kan ɓawo. A lungunan ƙarfen kuma akwai wani farin abu da ruwan sama ya zubo da shi ya bushe. Na dangwala da yatsa na kai baki.

"Gishiri ne!" na faɗa daga ƙarƙashi. "Wallahi gishiri ne!"

Bibi Ndimyake, tsohuwar da gidanta ke kallon nawa, ta ajiye bokitinta ta ce, "Shi ke nan, tsohon nan ya fara cin mota. A aika wa 'ya'yansa."

Ban kula ta ba. Teku tana can Dar es Salaam, tafiyar yini da kwana. Tafkin Nyasa ruwan daɗi ne. Lakar Tukuyu kuwa tun ina rarrafe nake cinta, ba gishiri a ciki. To mota tana gumi ne? Na kama gefen ƙarfen, sai wani yanki ya ɓalle a hannuna kamar busasshiyar gurasar chapati. Sama baƙin fenti mai ƙyalli, ƙasa ja mai marmashi.

Ni da Mama Lusajo muka kai wa Mwakipesile, balozin unguwarmu, wato mai unguwa, wanda duk wata rigimar gidajen nan gabansa take fara zuwa. Ya juya ƙarfen ya sake juyawa.

"Mama, abin da ya lalace a hannunki bayan garanti, naki ne. Amma in tun ranar ciniki ruɓaɓɓe ne, mai sayarwa ya sani ya rufe, wannan wata magana ce, ƙarewar garanti ba ta wanke shi. Wahalar ita ce zai ce bai sani ba. Mu je dai mu ji."

Ta dube ni. "Kai ma ka zo, tunda kai ka ɗanɗana. Amma don Allah, Mzee, in mun je ka kama bakinka. Ban son tambayoyin nan naka na me ya sa farin wata ke bin mutum."

Na ce na ji.

Filin Ngonyani yana bakin babban titi, motoci jere suna walƙiya. Shi kansa mutum ne mai jiki da fara'a, ya sa aka kawo mana shayi kafin ya ji abin da ya kawo mu. Da ya ji, ya buɗe hannuwa.

"Mama, ni fa ina tausaya miki. Amma mota ba jaki ba ce. Kin ɗora mata gonar ayaba, kin bi da ita ta cikin taɓo, yanzu kuma ki ce in biya? Gobe wani zai zo ya ce taya ta sude."

"Taɓo ne ya ci ƙarfe cikin 'yan watanni?"

"Taɓon Tukuyu? Har mutum yana ci."

Balozi ya yi magana, ya sake yi, Ngonyani yana murmushi yana cewa garanti ya wuce. Na ga idon Mama Lusajo ya kaɗa, ta fara ɗaure bakin zanenta za ta tashi. Ni kuwa abin yana cina tun daga gida. Na kwance ƙyallen da na naɗo ƙarfen na ajiye a tebur.

"Ɗana, ni ba rigima ta kawo ni ba. Abu ɗaya nake so in sani kafin in mutu. Gishirin nan daga ina?"

Mama Lusajo ta taka mini ƙafa. Amma fuskar Ngonyani ta washe, irin ta mutumin da aka tambaye shi labarin da ya fi so.

"Babu," ya ce, wato kaka a bakin mutanenmu, "ka taɓa ganin dusar ƙanƙara?"

Na ce a aji huɗu na bar makaranta, amma malaminmu ya taɓa cewa akwai ta a kan Kilimanjaro, kuma na ga raɓa ta daskare a ciyawar Kitulo.

"Wannan ai wasa ne." Ya jawo kujera kusa da ni, ya ciro wayarsa. "Na je gwanjon motoci a can Japan sau ɗaya. Dubi arewacin ƙasar."

Na duba. Hanya ce baƙa, dama da hagu bango fari fat, ya fi rufin coci tsawo, ga wata bas tana tafiya a tsakani kamar tururuwa a cikin buhun gari. Ba bishiya, ba ƙasa, ba ko ganye ɗaya. Na riƙe wayar da hannu biyu.

"Duk wannan daga sama ya sauko?"

"Daga sama, shiru, ba ko ƙara. Ka kwanta da dare, da safe ka nemi ƙofarka ka rasa."

"To gishirin fa?"

"Gishiri yana narkar da ita. Sai manyan motoci su fito tun asuba suna watsa shi a titi, kamar yadda kake watsa wa kaji dawa."

"Gishiri? Wanda muke saye a ƙulli?"

"Lodi-lodi, Babu. Gari bayan gari, duk shekara."

Na tuna mahaifiyata tana tsoma yatsa a gishiri ta lakato kaɗan don wake da ayaba, ta ɓoye sauran a saman rumbu. Ashe akwai ƙasar da ake zuba wa hanya gishiri kamar miya, mutane su taka su wuce. Kuma motar da ke jingine da shingena ta yi shekaru tana ratsa wannan farin bango, ta kwaso gishirinsu a haƙarƙarinta, ta hau jirgin ruwa, ta haye duwatsu, har ta kawo wa awakina.

"Ikon Allah," na ce. "To ta yaya ake gane wadda ta fito can?"

"Ai da ka leƙa ƙarƙashi ka gani, ja wur. Shi ya sa suke araha a gwanjo. Irin farar nan ta Mama, ranar da aka sauke ta yarana sai da suka yini suna kankarewa kafin su fesa mata baƙin..."

Ya tsaya. Cokalin da ke hannunsa ma ya tsaya.

Wani mutum da matarsa da ke duba mota a kusa da mu sun daɗe suna sauraro. Mutumin ya naɗe wandonsa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin wadda suke tayawa.

Balozi ya kurɓi shayi a hankali ya ajiye kofin. "Bwana Ngonyani, ƙarasa mana. Baƙin me?"

"Mzee, hira ce muke yi da Babu."

"Hira ce mai daɗi, mun kuma ji ta mu biyar. Ko a nan a gama, ko ka sake yin ta a gaban alƙali. Zaɓi wanda ya fi maka sauƙi."

Ngonyani ya dube ni kamar na yi masa sata. Ni kuwa har lokacin wayarsa na hannuna, ina kallon bas ɗin. Mama Lusajo ce ta zare ta ta miƙa masa.

An daɗe ana ja, shayi ya huce aka sake kawo wani. Ya ce zai gyara, ta ce makanike ya ce ba abin kamawa. Ya ce zai rage mata kuɗi a wata motar, ta ce ba ta da sauran saniyar sayarwa. A ƙarshe ya yarda zai karɓi farar ya ba ta wata a madadinta. Ya nuna wata shuɗiya a can ƙarshen layi, ta fi tsufa, ƙofarta da lotsawa, ya ce daga kudancin ƙasar take, inda dusar ba ta sauka.

"Mzee, kwanta," in ji Mama Lusajo.

Na kwanta na shiga. Ba fenti, ƙarfe ne fari-fari da ƙura. Na ƙwanƙwasa, ya amsa da ƙarfi. Na dangwala na kai baki.

"Lami," na ce. Ta yi dariyar da rabona da jinta tun kafin damina.

Da shuɗiyar muka koma gida, balozi a gaba, ni a baya. Washegari tun da sanyin safiya ta fita da lodin ayaba har rufi.

Bayan 'yan kwanaki wata babbar mota ta zo ɗaukar farar. Unguwa ta fito kallo. Aka sa sarƙa aka jawo ta sama, tana zubar da jan marmashi a kan ciyawa, ƙafar bayan tana jan ƙasa. Na ɗora tafin hannuna a jikinta kafin su ɗaure, sanyi ƙalau. Na so a ce tana da baki in tambaye ta yadda hanyar nan mai farin bango take in rana ta fito a kanta. Aka ja ta ta bi tsakanin gonakin shayi, fara a cikin kore, har ta sha kwana.

Mutane suka fara watsewa. Bibi Ndimyake tana tsaye da hannu a ƙugu, ba ta motsa ba.

"Ni kam ku faɗa mini," in ji ta, "wannan da suka ɗauka, wa kuma za a sayar wa?"