Ɓauren Inna a Tukunyar Miya

Da aka raba gadon gidan Inna a Malumfashi, ɓangaren da ɓauren yake ya faɗa hannun wani ɗan uba, shi kuwa bai ɓata lokaci ba ya sayar wa mai gina shaguna. Ba ɓauren daji ba ne irin na bakin rafi, wanda kana ɓarewa ƙwari ke tashi. Na Makka ne, wanda malamai ke kira tin. Inna ce ta taho da ɗan reshensa naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma shekarar da ta sauke farali, kuma babu jikanta da bai ci 'ya'yansa ba.

Kafin magina su sa masa gatari, Gwaggo Hajo, babbar 'yar Inna, ta yanko rassa uku ta binne cikin jiƙaƙƙen yashi har suka yi saiwa. Su ke nan abin da ya rage na ɓauren a duniya. Gidan haya take zaune, tsakar gidan duk siminti, mai gidan kuma ya hana a fasa ko taki ɗaya. Sai ta nemo tsofaffin tukwanen miya na ƙasa, ta huda musu gindi, ta dasa.

Ana nan sai ga ƙanenta Bature daga Funtuwa. Dillalin masara ne, ya je Makka sau biyu, amma har yau bakin Gwaggo bai taɓa iya kiransa Alhaji ba. A ganinta mutum ne da bai san ƙaramin abu ba. Hularsa sai ta taɓa kunne, shayi a kwanon sha yake sha, ƙofar gidansa kuwa tirela za ta shige ba ta goga ba.

Ya tsaya kan tukwanen ya riƙe ƙugu. "Haba Yaya! Ai wannan cin mutuncin Inna ne. Itacen da sunansa ya zo a Alƙur'ani, a tukunyar miya?"

"To a ina za a sa shi? A bayan motarka?"

"Ki ba ni biyu ki ga yadda ake yi."

Ta ba shi, don uwarsu ɗaya, babu yadda za ta hana. Amma ta bi bayansa da tsaki.

Yadda ake yin kuwa shi ne, Bature ya sa aka yanke bakin manyan duro biyu, aka shafe su da koren fenti, aka girke su dama da hagun ƙofar gidansa. Aka cika su da baƙar lakar fadama. Ya hana a huda gindin, wai kada ruwa ya ɓata masa tayil. Da yake bai san wani noma ba sai na masara, ya watsa musu takin yuriya hannu-hannu, ya kuma umarci maigadi da ban ruwa safe da yamma.

Ranar sunan ɗan da matarsa Murja ta haifa Gwaggo ta ga wannan aika-aika. Reshe kamar tsinken tsintsiya a tsakiyar duron da zai ɗauki ƙato, ganyen ya yi rawaya, lakar tana tashin warin kwata. 'Yar saiwar da ba ta kai yatsa ba, ina za ta shanye wannan uban ruwa? Ruɓewa kawai take yi. Gwaggo ta zare guda ɗaya, ya fito salin-alin da baƙin gindi, ta shiga da shi cikin taron mata tana ɗagawa.

"Ku ga noman Bature! Jariri aka ɗinka wa babbar riga, rigar ta shaƙe shi. Ɓauren Inna ba ya son fankama. Nawa yana nan a tukunyar miya, a cikinta zai girma, a cikinta zai yi 'ya'ya, duk ku zo ku ci."

Mata suka kwashe da dariya, Murja ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta koma Malumfashi ranta fari tas, ta ma manta cewa biyu daga cikin ukun sun tafi. Magana kuwa zarar bunu ce.

Daminar farko nata ya yi kyau, abin sai wanda ya gani. Ganye fato-fato, ya miƙe har ya kai mata ƙugu. Duk wanda ya shigo gidan sai ta kai shi ya gani, sai kuma ta ba shi labarin duron Bature tun daga fenti har zuwa wari. A damina ta biyu ne abu ya fara canzawa. In ta zuba ruwa, kafin ta ajiye buta ya zube ta ƙasa. Kafin azahar ganyen ya yi laushi. Saiwa ta leƙo ta hudar gindin tana lalube a kan siminti, har tukunyar ta tsage ta gefe. Gwaggo ta sami waya ta ɗaure.

A wannan halin Bature ya sake zuwa, wannan karon ba girman murya. Ya shigo rungume da wata tukunyar ƙasa da ya sayo a kasuwar Bakori, wadda ta ɗan ɗara ta miyar kaɗan, da hudarta a gindi.

"Yaya, na je na tambayi masu sayar da dashe a hanyar Zariya. Sun ce kuskurena girman mazubi ne. Wai kamar takalmin yaro ake yi masa, a fara da ƙarami, duk shekara a ƙara kaɗan. Naki ya cika tukunyarsa. Ki mayar da shi nan tun ruwa bai ɗauke ba."

Gwaggo ta dubi tukunyar, ta dubi ƙanenta sama da ƙasa. "Ikon Allah. Wanda ya kashe biyu shi zai koya mini rayar da ɗaya? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Na Inna ne, Yaya. Shi kaɗai ya rage."

"Na fi ka sanin Inna. Ajiye can."

Tun bai fita zaure ba ta toshe hudar da tsumma da ƙullin leda, ta cika tukunyar da ruwa ta tura wa agwaginta, don ya ji da kunnensa.

Abin haushin shi ne ta san gaskiya ya faɗa. Ta sani tun kafin ya faɗa, ita da take ganin wayar da ta ɗaura kullum. Sai dai ta ya za a ce mace ta tsaya a gidan suna ta yi wannan cika baki, sannan a ji labari ya kai Funtuwa cewa Bature ne ya gyara mata? Ta ce a ranta sai an kwana biyu, in an manta, ta sayo tata tukunyar da kanta. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Girman kai rawanin tsiya, ruwa ya ɗauke tana nan tana jiran a manta.

Cikin tsakiyar bazara aka yi rasuwa a dangin mijinta a Kafur, ta je ta yi zaman makoki. Ta bar wa maƙwabciyarta amanar ban ruwa, matar kuma ba ta ci amana ba, kullum da safe sai ta zuba. Amma babu sauran ƙasar da za ta riƙe ruwan, ga siminti na gasa tukunyar daga ƙasa, rana na gasa ta daga sama.

Gwaggo ta dawo ta tarar da ganye a zube. Ta kwance wayar, tukunyar ta rabe biyu da kanta. Saiwa ce zalla a ciki, ta naɗe kanta kamar gammo, ta bushe ƙamas. Ba ta ko cire mayafi ba ta kori agwagin, ta zubar da ruwansu, ta zare tsumman, ta cika tukunyar Bature da ƙasa mai kyau ta dasa. Ta yi ta ban ruwa tana addu'a, ko toho ɗaya bai fito ba.

Da Bature ya zo yi mata gaisuwar rasuwar, ta riga ta tanadi amsoshi masu zafi, tana jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya durƙusa da babbar rigarsa a kan siminti, ya kankare ɓawon da farce, ya ƙara kankarewa can ƙasa yana neman kore. Bai samu ba.

"Babu wani reshen a wani wuri, Yaya?"

"Babu."

Ya daɗe a durƙushe yana shafa bakin tukunyar. Sannan ya ce a hankali, "Ashe tukunyar ta yi masa daidai."

Gwaggo ta so a ce zaginta ya yi, don zagi ta san abin da za ta yi da shi. Agwagin suka zo suna zagaya tukunyar suna neman ruwansu.