Furen Gwabsa a Bakin Murhu

Hayaƙin da ke tashi daga gidansu fari ne mai kauri, ba irin na karan dawa ba. Asama'u ta lura da shi tun daga inda mai babur ya sauke ta, amma gajiyar hanya daga unguwar Rijiyar Zaki ta cikin birni ta hana ta tunani a kai.

Ta yi sallama. Mahaifiyarta, Inna Hure, tana durƙushe gaban murhu tana fifita wuta da faifai, idanunta na zubar da ruwa. Ta ce tun azahar take fama da itacen nan, ya ƙi ci, sai kumfa yake fitarwa ta gindi.

Asama'u ta dubi itacen. Ɓawonsa mai kauri ne, duk ya tsattsage, rassan gajeru kamar dungulmin hannu. Ta ajiye jakarta a hankali.

Shekara huɗu ke nan da ta kawo reshen gwabsa daga dajin Falgore, ta dasa a bayan gida, kan iyakar gonar gero. A ƙauyensu na wajen Dawakin Tofa ba wanda ya san bishiyar; wasu sun ce gwanda ce, wasu rogo, don ganyenta kamar buɗaɗɗen tafin hannu yake. A kan wannan bishiyar take rubuta aikin digirinta na biyu. Malamin da ke duba aikin ya ce ganye kaɗai ba ya tabbatar da sunan bishiya, sai ta kawo fure. Wa'adin ƙarshe da aka ba ta ƙarshen watan nan ne.

Mahaifinta, Malam Kassimu, ya shigo da gatari a kafaɗa. Ya yi mata sannu da zuwa, ya ce kara ya ƙare, itace ya fi ƙarfin talaka, ba kuma sauran daji a ƙasar nan. Gona ke bin gona har kogin Watari. Ya ce ya ga bishiyar tata ta mutu, ko ganye ɗaya babu, shi ya sa ya sare ta.

"Ba mutuwa ta yi ba, Baba," in ji ta, idonta a ƙasa. "Haka take yi da rani. Sai ta zubar da ganye sannan ta yi fure."

Inna Hure ta daina fifita.

"Furen yaya yake?" Inna ta tambaya.

Asama'u ta ce bai yi kama da fure ba, siriri ne kore, a kan reshe, kamar zangarniyar geron da ba ta ƙosa ba.

Inna ta dafa bakinta. Ta ce akwai su da yawa, su ta fara tsinkewa ta cusa a murhu, tana zaton za su kama da wuri.

Asama'u ta durƙusa, ta shiga jawo itatuwan ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi na shiga mata ido. A ƙarƙashin na ƙarshe, jikin dutsen murhu, ta ga zangarniya guda. Kanta ya babbake, amma rabin ƙasa na nan da ƙananan furanni, wasu a buɗe. Ta ɗauke ta da yatsu biyu, ta hure toka, ta ciro tsohuwar jarida daga jaka ta shimfiɗa ta a ciki.

"Wannan zai isa?" in ji Malam Kassimu.

"Ban sani ba, Baba. Sai abin da malamin ya ce."

Sai ya tambaya ko reshe kawai ta dasa wancan karon, ba iri ba. Ta ɗaga kai alamar e.

Inna ta ce to, yau dai tuwo sai Allah, ta miƙe za ta nemo kara a maƙwabta.

Malam Kassimu ya jingine gatarin a bango. Ya duƙa kan tarin itacen, ya zaɓi rassa uku da wuta ba ta taɓa ba, ya ɗauki fartanya da bokitin ruwa, ya fita ta ƙofar baya.