Roƙo na Goma Sha Bakwai

Ni ce sakatariyar majami'armu, kuma ba yabon kai ba, in na yi zazzaɓin kwana biyu har Fasto sai ya rasa inda mabuɗin ofishinsa yake. A bakin ƙofa akwai akwatin katako da mutane ke jefa roƙon addu'a. Duk Alhamis nakan zube takardun a tebur in buga su a kwamfuta, kowane roƙo layi ɗaya: marasa lafiya a sama, sai matafiya, sai masu neman aiki, can ƙasa waɗanda suka yi sanyi cikin bangaskiya. Mutum zai cika shafi da kukansa, ni kuwa in matse shi ya koma kalma goma. Hannuna ya saba har ba ya jiran zuciyata.

A gida daga ni sai Mama, wadda idonta ya dushe. Da can, ƙarfe shida na safe nakan zauna a kujerar roba kusa da tagarta in karanta mata Maganar Allah, ta yi addu'a in ce amin, in yi ta ce amin. Da aka ɗora mini kwamitin ziyara a kan aikin ofis, sai na sayo mata 'yar na'ura mai karatu, maɓalli ɗaya kawai za ta danna.

"Wannan ba ta gajiya, Mama, ba ta kuma tsallake layi."

"Haka ne, Auta," in ji ta. "Sai dai in na gama addu'a ba ta cewa amin."

Na yi dariya ina laluben takalmina a ƙarƙashin gado.

Bayan shekara biyu yayana ya bugo waya, ya ce ƙarshen wata zai zo ya ɗauke ta, tunda wuni take ita kaɗai kamar mai gadin ɗaki. Raina ya ɓaci. Mama ba ta yi gardama ba. Abu ɗaya ta roƙa: kafin ta tafi, in zauna da ita safiya ɗaya kamar da. Na ce gobe. Goben nan ta yi ta haihuwar 'yan'uwanta har mako uku.

A Alhamis ɗin da ya rage kwana tara ta tafi, na ci karo da wata takarda mai rubutun da ban sani ba, babu suna. "A yi wa 'yata addu'a. Shekara biyu ba ta zauna gaban Ubangiji ba. Ni ma ina kewarta." Na ja tsaki. 'Ya'yan zamani! Na buga: "17. Wata 'ya da ta daina addu'a, ta yi watsi da uwarta." Maganar watsi ba ta cikin takardar, ni na ƙara don haushi. Ranar Lahadi Fasto ya karanta, na ce amin da ƙarfi daga baya ina jera kujerun baƙi. Har na rubuta a littafina cewa kwamitin ziyara ya nemo wannan baiwar Allah.

Da na koma gida na tayar wa Mama da maganar ina cin abinci a tsaye.

"Ki yi mata a hankali," ta ce. "Wataƙila aiki ne ya yi mata yawa."

"Wane aiki ne ya fi Allah da uwa, Mama?"

Ta ci gaba da shafa bakin zanenta da yatsa.

Ranar Asabar ɗin tafiyarta na tashi da niyya, Allah ya sani. Har na jawo kujerar. Shida saura kwata wani dattijon majami'a ya kira, wai injin buga takardu ya cije, ga taron dattawa ƙarfe takwas. Na ce wa Mama minti ashirin. Na dawo ƙarfe goma na tarar da kwaɗo a ƙofa. Yaya yana da doguwar hanya a gabansa, ya jira har ya gaji, wayata kuma tana cikin jaka.

Maƙwabciyarmu, Maman Biyu, ita ta miƙo mini mabuɗi. Ta tsaya tana kallona, ba ta sake shi da wuri ba.

"Tun shida take zaune a bakin taga," ta ce. "Ni fa na rubuta mata takardar roƙon nan, tana faɗa ina rubutawa. Amma ba ta ce kin yi watsi da ita ba. Da Fasto ya karanta haka, kuka ta yi. Ta ce wa ya yi wa Autarta ƙarya?"

Ban san yadda na buɗe ƙofar ba. An naɗe katifa, an kwashe magunguna daga kan taga. Ta tafi da na'urar, ta bar mini babban Littafinta Mai Tsarki mai baƙin bango a kan kujerar roba. Inda muka tsaya, tsohuwar takardar roƙon addu'a ce ke maƙale, mai kwanan watan shekara biyu da suka wuce. Kunya ta kama ni, ga kaɗaici irin wanda ban taɓa ji ba.

Ranar Litinin ƙarfe shida na zauna a wurin. Waya ta yi ƙara, na kife ta a ƙasa. Na karanta shafi ɗaya da murya, tunda haka na saba a ɗakin nan. Da na zo addu'a sai na ji ina jero wa Allah mutane layi-layi, marasa lafiya a sama. Na tsaya. Na ce, "Ubangiji, ni ce ta goma sha bakwai." Daga nan na faɗi sauran da kyar, ba tsari.

Da na gama na yi shiru ina jira, kamar yadda muka saba. Ba wanda ya ce amin. Abin da Mama ta yi shekara biyu tana ji ke nan kowace safiya. Wayar ta sake ƙara a ƙasa, ban tashi ba.